Gayyatar Shan Shayi a Guangzhou: Me Musulmi Zai Taɓa a Teburin Dim Sum?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma in Allah ya yarda zan je baje kolin Canton na ƙarshen shekara, wanda shi ne zuwana ƙasar Sin na farko. Mutumin da nake sayen yadi a masaƙarsa shekara uku ke nan, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, ya ce idan na iso zai kai ni cin abincin rana irin nasu, wai shi dim sum, har ya turo mini hotunan wasu 'yan kwanduna cike da ƙulle-ƙullen abinci. Ba na so in ƙi gayyatarsa, ba na kuma so in ci abin da addini ya hana. Mene ne wannan abinci, yaya ake cin sa, kuma me zan iya ci a ciki?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. Idan na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko mene ne dim sum, da irin ladabin da ake bi a wurin cin sa don kada mutum ya ji kunya a gaban mai masaukinsa, sannan da abin da Musulmi zai iya kai wa bakinsa hankali kwance. Na yi shekaru ina aikin tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da masu masana'antu a lardin Guangdong, wanda birnin Guangzhou ke cikinsa, kuma na zauna a irin wannan tebur tare da Alhazan Kano, da mutanen Maraɗi da na Damagaram, sau da yawan da na daina lissafi. Abin da zaman ya nuna mini shi ne, ɓangare na uku na tambayarka tun kafin a bar masauki ake warware shi, wato a lokacin da ake zaɓen gidan abincin da za a je. Wanda ya bari sai kwanduna sun jeru a gabansa sannan ya shiga tambayar me ke cikin wannan, me ke cikin wancan, to ya makara, domin yawancin abin da yake gudu ido ba ya ganin sa, kuma sau da yawa mai kawo abincin ma bai san yana ciki ba.

Abin da aka gayyace ka zuwa gare shi

Guangzhou shi ne birnin da Turawa suka daɗe suna kira Canton, kuma mutanen wannan yanki, haɗe da na Hong Kong da Macau, suna da harshensu da girkinsu dabam da na arewacin ƙasar. A harshen nasu, kalmar dim sum tana nufin abin da ke ɗan taɓa zuciya, kuma ban san fassarar da ta fi dacewa da ita kamar tamu ta "abin taɓawa" ba, wato ɗan abin da ake ajiye wa baƙo a gefen abin sha. Su kansu mutanen garin ba kasafai suke cewa za su je cin dim sum ba. Cewa suke yi za su je yam ca, ma'ana shan shayi. Shayin ne uban tafiya, ƙananan abincin kuwa rakiya suka yi masa, ko da yake a yau 'yan rakiyar sun fi ango kwalliya.

Al'adar tana da alaƙa da kasuwanci tun daga tushe. Daga shekarar 1757 zuwa 1842, Guangzhou ce kaɗai tashar jiragen ruwan da sarakunan daular Qing suka yarje wa Turawa su yi ciniki a cikinta, kuma ganyen shayi na daga cikin manyan hajojin da ke fita ta nan. A ƙarni na 19 an sami wasu 'yan rumfuna a bakin hanya inda 'yan dako da leburori ke zama su sha shayi mai araha su ci ɗan abin da zai riƙe musu ciki, daga baya kuma aka gina manyan gidajen shayi masu benaye inda attajirai da dillalai ke haɗuwa. Biyu daga cikin tsofaffin gidajen suna nan har yau a kan titin Dishifu da ke tsohuwar unguwar Xiguan: Tao Tao Ju, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1880, da Lianxiang Lou na shekarar 1889. Akwai wata magana da dattawan garin ke yi, "kofi ɗaya, abu biyu", wato mutum ya sami shayinsa da 'yan kwanduna biyu ya zauna ya yi hira ko ya karanta jarida, safiyarsa ta cika ke nan. Saboda haka, Alhaji, mutumin da ya ce zai kai ka yam ca majalisarsa ya gayyace ka, inda ake zama a san juna, kuma a nan ne sau da yawa ake samun sassaucin farashi da amanar bashi waɗanda ba a samun su a ofis. Ka yi daidai da ba ka so ka ƙi zuwa.

Yadda zaman yake gudana

Ana fara yam ca tun da sassafe, amma na rana, wanda aka gayyace ka, yakan kama daga wajen ƙarfe 11 zuwa 2. Wurin yakan cika da hayaniya, musamman ranar Asabar da Lahadi da iyalai ke fitowa kaka da jika, don haka kada ka zaci za a kai ka wani wuri mai shiru. Za a zaunar da ku a tebur mai da'ira, wanda a tsakiyarsa, idan babba ne, akwai faifan gilashi mai juyawa da ake ɗora abinci a kai.

Tambayar farko da ma'aikacin wurin zai yi ita ce wane shayi za a sha, kuma mai masauki zai iya miƙo maka zaɓin don girmamawa. Shayin nasu ba madara, ba sukari, kuma ba a dafa shi ya yi kauri kamar atayen mutanen Agadas. Ruwan zafi ake zubawa a kan ganyen a cikin buta, a yi ta ƙarawa har a tashi. Wanda mutanen garin suka fi sha shi ne bo lei, wanda 'yan arewacin ƙasar ke kira pu'er, baƙin shayi daga lardin Yunnan mai ƙamshi kamar na ƙasa bayan ruwan farko, kuma suna cewa yana wanke maiƙo. Akwai tit gun yam daga lardin Fujian, mai ƙamshin fure, akwai kuma na furen guk fa wanda ba ganyen shayi a cikinsa. Ga wanda bai saba ba, nakan ba da shawarar guk bou, wato haɗin bo lei da wancan furen, saboda furen yana sassauta nauyin baƙin shayin. Duk waɗannan ba abin ƙi a cikinsu.

Daga nan sai wani abu da ke rikita baƙi. Za a kawo buta da wani kwano babba wanda babu komai a ciki, kuma za ka ga kowa ya zuba ruwan zafi ko shayin farko a cikin ɗan kwanonsa, ya jujjuya kofinsa a ciki, ya ɗauraye cokali da tsinkayen cin abinci, sannan ya juye ruwan a babban kwanon. Al'ada ce da ta samo asali daga zamanin da ba a amince da tsabtar kwanukan gidan abinci ba, ta kuma zauna har a wuraren da kwanukan ke zuwa a naɗe cikin leda. Na taɓa raka wani dattijo daga Maraɗi wanda da ganin kwanon ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannayensa a kai yana jiran a zuba masa ruwa, kamar yadda duk ɗan gidan mutunci zai yi a wurinmu. Mai masaukin, wani tsoho mai sana'ar takalma, ya yi jim, sai ya kira ma'aikaciya ta kawo ruwan ɗumi, ya zuba masa da kansa, sannan shi ma ya wanke nasa hannun. An yi dariya, hira ta buɗe, amma da shayin da ke cikin butar aka zuba masa da ya ƙone, don haka ka wanke hannunka a banɗaki ko wurin famfo kafin ka zauna.

Ba a fara zuba wa kai shayi. Na kusa da kai za ka zuba wa tukuna, a fara da babba, naka ya zo a ƙarshe. Idan an zuba maka, za ka ga ana ƙwanƙwasa tebur sau biyu ko uku da yatsu biyu a lanƙwashe, alamar godiya ba tare da katse hira ba. Ana ba da labarin cewa sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, ya taɓa fita yawo a ɓoye ya zuba wa baransa shayi, baran kuwa ya rasa yadda zai faɗi ya yi gaisuwa ba tare da ya tona asirin sarki ba, sai ya lanƙwasa yatsunsa a kan tebur a madadin durƙuso. Labarin baka ne, kuma a yau ba wanda ke nufin komai da shi illa "na gode". Duk da haka na ga wasu daga cikin mutanenmu da suka ji labarin suka ƙi yi, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ce "m goi" da harshen garin ko "shiye shiye" da harshen ƙasa, ya wadatar. Idan ruwan buta ya ƙare ba sai an kira kowa ba, sai a ɗaga murfin a jingine shi a bakin butar, ma'aikaci zai gani ya ƙaro.

Kekunan da ake turawa tsakanin tebura a da, mutum ya nuna abin da yake so, sun yi ƙaranci yanzu. A yawancin wurare takarda ake bayarwa a yi wa abin da ake so alama da fensir, ko kuma a yi oda ta waya ta manhajar WeChat. Abincin yakan zo a cikin 'yan madambatan gora, kowanne da guda uku ko huɗu, kuma na kowa da kowa ne, ba wanda ke da nasa kwando. Idan tsinkayen cin abinci sun gagare ka, ka nemi cokali mai yatsu, ba abin kunya ba ne; abin da kawai za ka kiyaye shi ne kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, domin hakan yana kama da turaren da suke kunna wa mamata. Wani abu kuma da ya shafe ka kai tsaye: a al'adarsu mai masauki yakan ɗebi abin da ya fi daɗi ya saka wa baƙo a kwano da hannunsa. Idan bai san abin da ba ka ci ba, za ka tsinci kanka da ƙullin naman alade a kwanonka da idanun mutum biyar suna jiran ka yaba.

Inda alade ke ɓuya

Mutanen Guangzhou suna da abubuwa huɗu da suke kira sarakunan dim sum, kuma da su ake auna gwanintar gidan shayi. Biyu daga ciki ba su da ɓoyo. Ca siu bau farin burodi ne turarre mai laushi kamar alkubus, cikinsa gasasshen naman alade mai zaƙi, siu mai kuwa ƙulli ne mai rawayar fata da buɗaɗɗen baki, cikinsa niƙaƙƙen naman alade da jatan lande. Waɗannan kowa zai gaya maka gaskiyarsu. Sauran biyun ne ke yaudarar mutane.

Ha gau, wanda ake rubutawa har gow a takardar abinci, shi ne farin ƙullin nan mai sheƙi da ake hango jan jatan lande ta cikin fatarsa. Ana yin fatar da sitacin alkama da na rogo, a naɗe bakinta da ƙananan ninki goma ko fiye, kuma a takarda sunansa ƙullin jatan lande kawai. A shekarata ta farko na ci shi da sakin jiki, har ranar da wani tsohon mai girki, maƙwabcina, ya tsaga guda ɗaya da cokali a gabana ya nuna mini wasu 'yan fararen ƙwayoyi masu girman ƙwayar gero a tsakanin naman jatan landen. Wasu tohon gora ne, wasu kuma kitsen alade ne da aka dafa aka yayyanka ƙanana. Ya bayyana mini cewa jatan lande shi kaɗai yakan bushe idan an turara shi, kitsen ne ke narkewa ya ba shi romo, kuma ko fatar ma akan shafa mata man alade don ta yi santsi da sheƙi. Ba kowane gida ke yin haka ba a yau, wasu sun koma man gyaɗa ko wani man na tsiro, amma wannan shi ne girkin asali, kuma gidan da ya fi alfahari da bin gargajiya shi ya fi kusa da yin sa. Na huɗun, dan tat, ɗan kek ne mai ƙwai da madara a tsakiya, wanda ɓawonsa mai saɓa-saɓa da man alade ake murza shi a gargajiyance.

Haka abin yake a kusan duk inda ka juya. Curin naman sa da ake ɗorawa a kan fatar awara akan cakuɗa shi da kitsen alade don ya yi laushi. Lo mai gai, wato shinkafa mai danƙo da aka naɗe cikin ganyen wani tsiro mai kama da bado, sunansa na kaza ne, amma akwai tsiran alade busasshe a ciki. Lo bak go, farin yanka mai kama da alala wanda ake soyawa sama-sama, da garin shinkafa da wata farar saiwa ake yin sa, sai dai an barbaɗa masa irin wancan busasshen naman. Soyayyen ƙullin gwaza da man alade ake kwaɓa shi. Hatta "ma lai go", kek ɗin nan mai ruwan ƙasa da ba wanda zai zarga, tsofaffin gidaje da man alade suke yin sa, haka ma wasu daga cikin burodin da ake cusa wa zaƙi a ciki. Yajin nan mai tsada da ake kira XO, duk da sunansa na wata giya, ba giyar a cikinsa, amma akwai busasshiyar cinyar alade. Sai kuma romon da ake girka abubuwa da shi, wanda galibi da ƙasusuwan alade da kaza ake dafa shi, da giyar shinkafa ta Shaoxing da ake ɗan zubawa a nama da kifi don kashe ƙarni.

Akwai dalilin da ya sa tambaya a kan tebur ba ta fitar da mutum. A harshen Sinanci, idan an rubuta kalmar nama ita kaɗai ba tare da an ambaci dabbar ba, to naman alade ake nufi, saboda shi ne naman yau da kullum. Sannan naman alade da man alade kalmomi ne biyu dabam, kuma a tunanin ma'aikacin gidan abinci na biyun mai ne kawai, kamar yadda man shanu ba nama ba ne a wurinmu. Idan ka tambaye shi ko akwai naman alade a cikin ha gau ya ce babu, ba ƙarya ya yi maka ba, tambayarka ya amsa. Ƙari a kan haka, madambatan ana jera su ne ɗaya a kan ɗaya a bisa tukunyar tururi guda, don haka abin da ya ɗiga daga na sama zai iya sauka a na ƙasa.

Kaza da naman sa kuma, ko da ba a haɗa su da komai ba, matsalar yanka tana nan, don haka ƙafar kazar nan da suke ji da ita, wadda ake dafawa da baƙin wake mai kama da daddawa, ita ma ta fita. Inda muke da sauƙi shi ne abin cikin ruwa, domin a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta duk dabbar ruwa halal ce, jatan lande da kaguwa da sauransu, saɓanin wasu 'yan'uwanmu mabiya Hanafiyya da ke da taƙaitawa a nan. Matsalar ha gau ba jatan landen ba ne, abin da aka cakuɗa masa ne.

Mafitar da na fi so, da waɗanda ke biye mata

Guangzhou gari ne mai tsohon tarihin Musulunci. Masallacin Huaisheng da ke kan titin Guangta, mai doguwar hasumiya ta kimanin mita 36, yana cikin mafi tsufa a ƙasar Sin, kuma mutanen wurin suna danganta shi da zamanin daular Tang da kuma sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, ko da yake malaman tarihi ba su tabbatar da zuwansa ƙasar ba. Musulman da suka zauna a garin tsawon ƙarnoni sun ƙirƙiro nasu girkin irin na Canton ba tare da alade ba, kuma wurin da aka fi sani da shi shi ne Huimin Fandian, wato gidan abincin Musulman ƙabilar Hui, a kan titin Zhongshan na shida, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ximenkou, tafiyar ƙafa kaɗan daga masallacin. A can ana yin siu mai da naman halal, ana yin turarren burodin da gasasshen naman da aka yanka, kuma mutum zai iya miƙa hannu ga kowane kwando. Wannan ita ce shawarata ta farko, domin mai masaukinka zai sami abin da yake so, wato ya nuna maka abincin garinsu, kai kuma ka ci ka ƙoshi, ka taka zuwa masallaci ka yi Azahar. Kalmar da za ka riƙe ita ce qingzhen, ana furta ta kamar "cing-jan", ana rubuta ta 清真, kuma ita ce halal a wurin Sinawa. Sai dai ka sani cewa wasu gidajen da ke ɗauke da wannan alama suna sayar da giya ga mai so, alamar ta shafi nama ne da girki.

Gidajen abincin halal sun cika unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka da Larabawa suka fi sauka, amma na mutanen yankin Xinjiang ne da masu taliyar birnin Lanzhou, duk daga arewa maso yammacin ƙasar, da Turkawa da Larabawa. Za su ciyar da kai sauran kwanakin, sai dai ba dim sum suke yi ba, kuma idan ka ja mai masaukinka can ka canza masa gayyatar gaba ɗaya.

Idan hanya ta bi da kai Hong Kong, akwai ɗakin cin abinci a hawa na biyar na cibiyar Musulunci ta Masallacin Ammar da ke titin Oi Kwan a unguwar Wan Chai, inda ake yin dim sum na halal, kuma a ganina nasu ya fi kusa da ɗanɗanon manyan gidajen shayi. Jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018 yana kai mutum daga tashar kudancin Guangzhou cikin kimanin awa ɗaya, amma bizar ƙasar Sin ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Hong Kong, kuma dawowa na buƙatar bizar da ta ba da damar shiga fiye da sau ɗaya.

Mafita ta biyu ita ce gidajen abincin mabiya addinin Buddha, waɗanda ba sa amfani da nama ko kitsen dabba kwata-kwata, suna yin dim sum da awara da ganyaye. Za ka ga sunayen nama a takardarsu, amma kwaikwayo ne da alkama da waken suya.

Idan kuwa mai masauki ya riga ya kama tebur a wani babban gida na gargajiya kuma sauyawa zai zama cin fuska, to ka je, amma ka bar kwandunan ga masu su. Abin da nakan nema wa baƙina a irin wannan hali shi ne jatan lande da aka dafa a ruwan zafi kawai da ɓawonsa, ko kifi sukutum turarre da citta da ganyen albasa tare da roƙon kada a sa giya ko man alade, da ganyen da aka tsoma a tafasasshen ruwa maimakon romo, da farin kunun shinkafa wanda ba a sa masa komai ba, da farar shinkafa, da 'ya'yan itatuwa. A nan ka rubuta abu biyu a wayarka ka nuna, 猪肉 naman alade, da 猪油 man alade, domin harshen nasu na karin sauti ne, kuma idan ka furta da bakinka da wuya a gane. Ba zan ce maka wannan ya kai na farko tsarki ba, tunda tukwanen ɗakin girki ɗaya ne. Ni tafinta ne, ba malami ba, kuma hukuncin abin da aka dafa a tukunyar da alade ya taɓa bayan an wanke ta, ko abin da matafiyi zai yi a halin shakka, malaminka ne zai yanke maka, gara kuma ka tambaye shi tun kana Kano. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko gyaɗa ya faɗa tun farko, don suna cikin abubuwa da yawa a ɓoye.

Wani sauƙin da gayyatar rana ke da shi a kan ta dare shi ne ba a cika kawo giya ba. Idan an kawo, ka ɗaga kofin shayinka. Shan shayi a madadin giya abu ne sananne a wurinsu, har suna da lafazin da suke faɗi a kai, kuma ba mai jin an raina shi.

Kuɗi, lokaci da saƙon da za ka tura

Wanda ya yi gayyata shi ke biya, kuma ba a raba kuɗin abinci a irin wannan zama. Ladabi ne ka nuna kamar za ka biya, shi kuma ya hana ka, sannan ka rama masa da taka gayyatar kafin ka bar gari. Ba a ba ma'aikata tukuici a Guangzhou, amma akwai 'yan kuɗin shayi da ake lissafawa a kan kowane mutum, a Hong Kong kuma yawancin gidaje suna ƙara kashi 10 cikin ɗari. Idan za ka riƙa masa tsaraba kada ka ɗauki kilishi, domin jami'an kwastan na ƙasar sun hana shiga da nama, kuma idan hula ce ka kauce wa koriya, saboda a wurinsu mai koriyar hula shi ne mijin da matarsa ke cin amanarsa.

Baje kolin, wanda aka fara a 1957 kuma ake yi sau biyu a shekara, yana gudana ne a unguwar Pazhou ta Guangzhou, cikin zango uku, kuma kayan masaƙa suna zango na uku, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Pazhou na da 'yar tazara daga tsohon gari, don haka kada ku sa zaman a ranar da kake da rumfuna da yawa da za ka zaga. Ku sa shi kafin a buɗe zangon ko bayan an rufe, ka ware masa awa biyu, domin gaggawa a teburin shayi tana ɓata abin da aka je nema. Gidajen abinci sukan sauya lokutan aikinsu, wasu kuma sukan daina yin dim sum da zarar rana ta yi, saboda haka ka bar shi ya buga musu waya ya kama tebur.

Saƙon kuwa ka tura shi mako guda kafin tafiya, kuma ka fara da godiya da nuna ɗoki, don kada ya ɗauka uzuri kake nema. Abin da nakan rubuta wa 'yan kasuwarmu bai wuce haka ba: "Na gode da gayyata, kuma na daɗe ina son ɗanɗana yam ca na garinku. Ni Musulmi ne, ba na cin naman alade ko mansa, ba na shan giya, kuma naman qingzhen kawai nake ci. An ba ni labarin Huimin Fandian da ke titin Zhongshan na shida. Ko za mu iya zuwa can?" Idan ya amsa da sunan wani wuri dabam, ka roƙe shi ya turo maka hoton ƙofar wurin, ka duba ko haruffan nan biyu, 清真, suna jikin allon.